Birkin Kawunka Lafiya Yake

Yelwa, Bauchi

Zuwa ga ɗana Iliya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Ubangiji ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokanka da ka koma kwana wajensu tun ranar Lahadi. Ubangiji ya tsare fitarka da shigarka. Babanka yana gaishe ka. Ƙannenka ma suna gaisuwa, sun ce gidan ya yi shiru tun da ka fita. Na ce musu shirun ya fi mini abin da kunnena ya jiyo.

Na zaɓi in rubuta ne domin ka san halina. In na buɗe baki faɗa nake yi, kai kuma in aka ɗaga maka murya sai ka sunkuyar da kai, kunnenka ya tafi yawo. Takarda ba za ka iya yi mata haka ba. Ka karanta ta har ƙarshe kafin Asabar, ranar da za ka hau mota zuwa Jos.

Bari in tuna maka abin da ya faru, kada ka ce uwarka ta kori baƙi ba dalili. Mun yi maka liyafar sallama. Kuna zaune gindin mangwaro, na fito da tiren shinkafa, sai na ji wani daga cikin masu binka filin ƙwallo ya maƙe murya yana kwaikwayon ƙanena Markus, kawunka: "Ranka ya daɗe, birki lafiya lau!" Duk kuka fashe da dariya. Wannan ban damu ba, na saba jin ta a kasuwa. Abin da ya sa na dire tiren a ƙasa shi ne muryarka. Ka ce, "Ai Kawu tsoro ne ya kama shi. Ni kwalba biyu ba ta hana ni ganin hanya." Ban yi nadamar korarsu ba. Shinkafar kawai nake jin haushi.

Kafin in shiga faɗan, akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Kai ɗan ƙwallo ne na gaske. Na sha cewa takalmanka sun cika mini ɗaki da wari, na sha cewa da ka ba littafi rabin lokacin da kake ba wannan fata da yanzu kana koyarwa. Amma wasanku na ƙarshe na je, na tsaya can bayan 'yan makaranta inda ba za ka hange ni ba. Na ga lokacin da mutum uku suka tare ka, ka tsaya cak kamar ka manta abin da ya kawo ka, suka saki jiki, sai kawai ƙwallo ta bi ta tsakanin ƙafafun na tsakiya kai kuma ka bi ta gefe. Na yi ihu har ɗankwalina ya faɗi. Wata tsohuwar ɗalibata ta ɗauko mini tana cewa, "Malama, ashe ke ma?" Ni ma. Tun kafin a haife ka ni ma. Shi ya sa na san abin da nake tsoro.

Kamfanin da ya ɗauke ka a Jos ya rubuta direba a takardar aiki. Ni da kai mun san ba don tuƙinka suka aiko har Bauchi ba, lasin ɗinka ma bai gama bushewa ba. Ƙafarka suke so, aikin direba hanyar biyanka ce. Amma kai ka gaya wa babanka da alfahari cewa duk ƙungiyar kai kaɗai ke da lasin, kai za ka riƙa kai su wasa ka dawo da su. To, ranar da kuka ci kofi za a wanke shi. Ka san yadda ake yi. A cika kofin da giya, wanda ya jefa ƙwallon nasara shi zai fara sha, in ya zagaya ya dawo shi zai shanye na ƙarshe, sannan a hau mota a zaga gari. Wanda ya ci ƙwallon kai ne. Mai tuƙa motar kai ne. Haka kawunka yake, ba ragi ba ƙari.

Kai ba ka ga Markus a fili ba, lokacin kana makarantar kwana, in an yi hutu kuma ƙauye muke tura ka wajen kakanka. Mutumin da ka sani manomi ne mai shiru a Zungur, mai jaki da tsohuwar hula. Wanda ni na sani, in ya fito fili mutane sukan tashi tsaye tun kafin a busa usur. Ba da takalmi suke wasa ba a lokacin, sai dai ya naɗe idon sawunsa da farin ƙyalle, ni nake wanke masa shi. Kunama ake ce masa, domin da dunduniya yake ci. Zai juya wa raga baya kamar ya haƙura, gola ya miƙe daga tsugune, sai ka ji fili ya ɗauka: "Kunama mai harbi ta baya!" Ba ya faɗa, ba ya zagin alkalin wasa, in ya ka da mutum shi zai miƙa masa hannu. Na karanta labarin 'yan wasan Ikko a jarida, na ga hotunansu da takalma masu ƙusa, ban taɓa jin ƙanena ya gaza su ba. Mutane daga cikin ganuwa da na bayan ganuwa, masu rawani da masu gajeren wando, a filin nan kaɗai nake ganinsu kafaɗa da kafaɗa, kuma shi ya tara su. Wani kamfanin sayen fata ya ba shi aikin tuƙa kitika, ƙaramar motar nan ta ɗaukar kaya mai buɗaɗɗen baya, don dai ya riƙa buga wa ƙungiyarsu.

Kuskurena na farko dariya ce. Wata rana sun ci wasa, sun sha, ya kwaso su a kitika, ya zo kwanar nan ta kusa da gonar rake ya wuce kai tsaye cikin laka. Ba wanda ya ji ciwo. Magoya baya suka biyo da gudu, suka ɗaga motar cak da shi a ciki, suna waƙa suka ɗora ta kan hanya. Washegari a ɗakin malamai ni na ba da labarin, har da tashi in nuna yadda ya leƙo ta taga yana ɗaga hannu kamar gwamna. Aka yi dariya har da hawaye. Ni yayarsa, wadda ta goya shi, ban kira shi gefe na ce masa komai ba. Ina jin daɗin a ce ni ce yayar Kunama.

Saboda haka ka ji: ranar da ka fara kuskure aka yi maka tafi, ka ji tsoro. Ka dubi fuskokin masu dariyar, ka nemi wanda bai yi ba. In ka same shi ka riƙe shi aboki, ko da bai san inda raga take ba.

Shekarar da abin ya faru, sun ci kofin lardi a kan wata ƙungiya da ta zo daga Azare. Wanda ya ci shi zai je ya kara da 'yan Jos, abin da garin nan ya daɗe yana mafarki. Markus ne ya ci ƙwallon. Aka tashi wasa da la'asar, aka wuce kulob, aka wanke kofi. Ya sha na farko, ya sha na ƙarshe, tsakani kuma kowa yana so a ce shi ya saya wa Kunama kwalba. Har waɗanda ba su taɓa kai giya bakinsu ba suna daga ƙofa suna ihu a ƙara masa. Rana ba ta faɗi ba suka hau kitika, 'yan wasa a baya sun ɗaga kofi, yara da manya suna bi da gudu. A Fadaman Mada akwai wata mata, Talatu, mai tuyar masa a bakin hanya. Ta hura wuta, ta ɗora tanda, tana zuba ƙullu. Motar ta sauka daga hanya ta bi ta kanta. Ƙafarta ta dama ta ragargaje, man tuya ya ƙone mata hannu. Na bayan mota ko ƙwarzane ba su yi ba. An ce kofin ma bai faɗi ba, kuma na ji mutane suna faɗin haka kamar abin yabo.

Iliya, ni malamar makaranta ce. Aikina ke nan in koya wa yara cewa kowace jimla tana da mai aikatawa, in sa su ja masa layi. A makon nan na saurari garin Bauchi, ban sami inda zan ja layi ba. "Mota ta ƙwace." "Hanya ta yi santsi," alhali rani ake. "Abu ya faru." Sai kalmar da ta rufe komai: tsautsayi. Wata guda kafin nan wani direban babbar mota, baƙo, ya take akuyar wani a hanyar Jos, kuma an ji warin burukutu a bakinsa. Shi ganganci aka ce ya yi, sai da 'yan doka suka ƙwace shi daga hannun mutane. Akuya ke nan. Amma ƙafar mace, da yake Kunama ne a sitiyari, tsautsayi ce. Wasu ma suka ce ita me ya kai ta kafa murhu a bakin hanya, kamar ba a nan suke sayen masa kullum ba.

Kuskurena na biyu, ni ma na ɗauki kalmar. Na dafa abinci na tafi asibiti duba Talatu. An riga an yanke ƙafar. Na zauna bakin gadon na gaishe ta da jiki, na ce, "Baiwar Allah, sai haƙuri. Tsautsayi ne."

Ta dube ni sama da ƙasa. Sannan ta ce, "Malama, ke ce yayar tasa?"

Na ce ni ce.

Ta ce, "Shi ya ɗauke ni daga ƙasa da hannunsa, sauran duk sun ja baya kada jini ya ɓata musu riga. Wannan Allah ya saka masa. Amma Malama, kaina yana kan ƙirjinsa har asibiti. Na ji warin tsautsayin."

Na tashi na fita, kwanon ma a can na bar shi. Ka kiyayi kalmar da take sa ka ji sauƙi da wuri, ɗana. Akwai tsautsayi a duniya, ban musa ba. Reshe yakan faɗo wa mutum, aradu takan faɗi a gona. Amma abin da aka zuba a kofi, aka ɗaga da hannu biyu, aka haɗiye, sannan aka murza makulli, wannan yana da mai aikatawa.

Da na yi hankali daga nan da ba komai. Ban yi ba. An sa ranar shari'a gaban majistare, kuma kafin ranar gari ya riga ya gama shirya magana. Sajen 'yan doka da ya auna wurin ba ya fashin kallon wasa, shi ya rubuta cewa birki ne ya tsinke. An sami bakanike da zai rantse. Manajan kamfanin ma yana son wasan Jos kamar kowa. Abin da ya rage kawai Markus ya buɗe baki ya ce haka ne. Ni kuma, mai karatun gidan, ni na tsara masa jimlar da Turanci, don majistare Bature ne, na ce in ya ji ta a harshensa zai fi yarda. Na zaunar da shi a tsakar gidan nan ina sa shi maimaitawa kamar ɗan aji biyu. Yana maimaitawa yana kallon ƙasa. Na ce, "Ɗaga kai mana, wa zai yarda da kai a haka?" Ya ce, "To, Yaya." Wannan shi ne kuskurena na uku, kuma ya fi sauran muni domin da ilimina na yi shi. Karatu ba ya hana mutum ƙarya, gyara masa ita kawai yake yi ta yi kyau. In wata rana ka shiga matsala aka kawo maka mai iya tsara magana, ka fara tambayar kanka wa za a binne da maganar.

Ranar shari'a kotu ta cika har waje, mutane a tagogi. Da aka shigo da shi wasu suka fara kirari sai da ɗan sanda ya daka tsawa. Aka karanta abin da saje ya rubuta. Majistare ya tambaya, tafinta ya juya ya ce, "Markus, an ce birkin motarka ne ya tsinke. Haka ne?"

Ina zaune a layi na biyu, leɓena yana motsi da jimlar da na koya masa. Ya ɗaga kai, kamar yadda na ce ya yi. Da Hausa ya amsa.

"Ranka ya daɗe, birki lafiya lau yake. Ni na ɗaure shi da hannuna kafin wasa. Ƙafata ce ba ta same shi ba. Na sha."

Tafintan nan, shi ma ɗan kallo ne, ya yi kamar bai ji ba. Ya matso ya rage murya: "Kunama, sake faɗa, a hankali. Ka ce birki ya yi me?"

Markus ya ce, "Malam, ka ji ni sarai. Gaya masa."

Ban taɓa jin ɗaki ya yi irin wannan ƙara ba, kamar an zuba ruwa a mai mai zafi. Wani daga taga ya ce, "Kai, mahaukaci ne!" Wani ya ce, "Jos fa? Jos fa, Kunama?" Shi kuwa yana tsaye, hannayensa a baya, bai waiwaya ba. Na gan shi ya ci ƙwallaye da ba zan iya ƙirgawa ba, amma ban taɓa ganin ya tsaya da kyau kamar ranar ba. Sai dai a lokacin ban san haka ba. A lokacin ji nake kamar in shaƙe shi.

Aka ɗaure shi, aka karɓe lasin, kamfani ya sallame shi. Aka je Jos ba shi, aka lallasa mu. To, daga ranar ne garin nan ya gano cewa Markus mashayi ne. Waɗanda suka cika kofin su suka fi kowa faɗa. Suka ce ya sayar da gari, suka ce 'yan Jos ne suka biya shi, suka yi ta jifan rufin gidanmu har babanka ya je ya kai ƙara. Sunan Kunama ya ɓace, ya koma Birki Lafiya, yara suna bin matarsa da shi a rijiya. Ka lura da lissafin nan da kyau, domin shi ne lissafin da za a yi maka: ƙafar Talatu sun yafe masa ita kafin ta bar asibiti, ba tare da sun tambaye ta ba. Wasa ɗaya kuwa har yau ba su yafe ba, sun ma koya wa ƙannensu, ƙannen sun zo gidana suna cin shinkafata suna kwaikwayonsa.

Ba na ce mugaye ba ne. Na tsaya cikinsu, na san daɗin da ke ciki. Mutum ya yi mako yana dakon buhu ko yana rubuta wa Bature takarda, ranar Asabar ya tako daga Zungur a ƙasa don ya ga ɗan garinsu ya yi abin da ba wanda ya iya. Ƙaunar da suke maka gaskiya ce. Amma ƙafarka suke ƙauna, kuma ƙafa ba ta da laifi a wurinsu muddin tana ci. Ka buga musu da dukkan ƙarfinka, ka gaishe su, ka ɗaga musu hannu. Kada dai ka bari su zama su ne masu gaya maka ko ka yi daidai.

Na yi fushi da kawunka, na daɗe ban je gidan yari ba. Wannan kuskure na huɗu ke nan, in kana ƙirgawa. Da na je, na same shi ya rame, an aske masa kai. Ko gaisawa ba mu gama ba na ce, "Markus, me ya sa? Jimla ɗaya ce fa. Wa ka taimaka? Ƙafar ta dawo?"

Ya ce, "Ba ta dawo ba, Yaya."

Na ce, "To?"

Ya ce, "Yaya, da na ce birki ne, da mun je Jos. Wataƙila mu ci. In mun ci za su cika kofi su miƙo mini. Zan sha. Za su miƙo makulli. Zan karɓa. Na san kaina, in suna kiran sunan nan ba na iya cewa a'a. Na duba duk garin nan ban ga wanda zai ƙwace makullin daga hannuna ba. Har ke. Sai Baturen nan kaɗai, shi ma sai na gaya masa gaskiya."

"Har ke." Na karanta littattafai da yawa, Iliya, na mishan da na laburare, har waɗanda babanka yake cewa za su lalata mini ido. Ban taɓa cin karo da mutumin da ya san rauninsa ya kuma yi masa shinge da kansa kamar ƙanena ba. Wannan shi ne mutumin da ka ce tsoro ya kama. Mai tsoro yana da jimla a shirye, da saje, da bakanike, da gari guda a bayansa. Duk ya ture su.

Da ya fito bai sake neman lasin ba, bai sake shiga fili ba. Ya koma gonar surukansa. Itacen da kake ganin yana kawowa gari a kan jaki, rabinsa Fadaman Mada yake sauke shi, domin Talatu ta koma tuyarta, a zaune, da sanda a gefe, yanzu a cikin soro. Kada ka zaci sun zama abokai. In ya iso takan ce, "Direba, yau ma ɗanye ka kawo mini?" Ya ce, "Busasshe ne, Talatu." Ta ce, "Ajiye can, kada ka take ni." Ba ta taɓa cewa ta yafe ba, shi kuma bai taɓa tambaya ba. Ita ma ina girmama ta a kan haka. Yafiyarta ce, ba ta 'yan kallo ba.

Kuskurena na ƙarshe a kanka na yi shi. Na ɓoye maka duk wannan. Na ce yaro ne, na ce kada ƙwallo ta fita ransa, gaskiya kuma ina jin kunyar jimlar Turancin nan. Sai na bar ka ka koyi tarihin kawunka a bakin masu jifan rufinmu. Abin da ka faɗa ranar Lahadi, rabinsa shirun da na yi ne. Rabin kawai. Ɗaya rabin naka ne, domin kai ba yaro ba ne yanzu.

Ga abin da nake so. Na fi son kada ka sha ko kaɗan, kuma ka san haka. Amma ba zan zauna a Yelwa in yi kamar ban san Jos ba. Saura 'yan makonni a sauke tutar Turawa a ɗaga tamu, kowane gari zai yi wasa, kowane wasa da kofinsa, kowa zai ce yau ai ranar murna ce, yau kaɗai. In ka san za ka taɓa kofin, makulli ya bar aljihunka tun kafin a busa usur ɗin farko, lokacin da kanka yake naka. Ka kai shi ofis, ka ba manaja, ka ce motar ta kwana a nan. Bayan wasa ba kai ne za ka yanke shawara ba, mutum ɗari ne masu kiran sunanka. In kuwa makullin yana jikinka, to ka ɗaga kofin sama, ka sumbace shi in kana so, ka miƙa wa na kusa. Za su ce ka raina su. Za su ce ɗan mishan, za su ce uwarsa ta hana shi. Ka ce e, ta hana, kuma ba ku san ta ba. Kuma ka daina maganar kwalba biyu. Wanda ya sha biyu shi ne yake ƙirga ta uku, kuma bai iya lissafi ba. Kawunka ma yana ganin hanya ranar. Ya gaya mini ya ga Talatu sarai, ya ga tandar, ya ga hayaƙin. Ido ya gani, ƙafar da ta fi kowace ƙafa a lardin nan sauri ita ce ta makara.

Yanzu saura magana ɗaya. Na aika Zungur. Kawunka zai zo tasha ranar Asabar da safe ya yi maka sallama. Da farko ya ƙi, ya ce zai ɓata maka rana, na ce ni yayarsa ce kuma ban tambaye shi ra'ayinsa ba. Na san abokanka da magoya bayanka za su cika tashar, na san abin da za su fara kira in sun hango hularsa. Ina so ka ratsa ta tsakiyarsu, ka je gabansa, ka cire hula, ka durƙusa har ƙasa ka gaishe shi kamar yadda ake gai da kawu. Ba a bayan mota ba, ba da sauri ba. A gabansu.

Za su yi dariya. Wataƙila su laƙa maka suna kafin motar ta tashi. To, mutum nawa ne? Ashirin, talatin, da safe, kanka garau, uwarka tana tsaye a gefe. In gwiwarka ta iya lanƙwasawa a cikin wannan dariyar, zan koma gida in yi barci, domin na san hannunka zai iya ture kofi a Jos. In kuwa ta ƙi, ba zan yi maka faɗa a tasha ba, na yi alkawari. Zan miƙo hannu kawai, ka sa mini lasin ɗin a ciki, ka je ka gaya wa kamfani su ba ka tsintsiya ko gadin ƙofa, ka buga musu ƙwallo. Ɗaya daga cikin biyun nan za a yi kafin ka taka motar.

Na haɗa maka kayanka. Na sa yaji da ƙuli-ƙuli, da rigar sanyin babanka, domin sanyin Jos ba irin namu ba ne. Takalman ma na goge su, duk da warinsu.

Ubangiji ya kai ka lafiya, ya ba ƙafarka nasara, ya tsare ƙashinka daga karaya. Ya haɗa ka da abokai masu iya ɓata maka rai. Ya tsare ka a hanya, ya kuma tsare duk wanda zai zauna a bakin hanyar da za ka bi, wanda bai san sunanka ba, bai kuma je kallon wasa ba. Amin.

Sai mun haɗu a tasha.

Mahaifiyarka,
Saratu